Kafin ka buga allon shago, fara duba ko sunan yana nan

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar domen zan yi, wato sunan nan da ake rubutawa a saman burauza yana ƙarewa da .com ko .ng, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Sana'ata kenan a nan Jos, ina haɗa wa 'yan kasuwa da makarantu da ƙananan ƙungiyoyi shafin intanet, kuma wallahi kusan duk wanda zai zo wurina a makare yake zuwa. Ya riga ya yi rajistar CAC, ya buga allo, ya buga sitika da leda da rasit, wani ma har ya sa an rubuta masa www kaza a jikin motar shago, sannan ne zai zo yace injiniya a buɗe min shafin nan. Sai ka duba ka tarar wani a Indiya ko Turkiyya ko ma nan Legas ya riƙe sunan tun shekara da shekaru. Kuɗin firinta sun tafi kenan, ga ɓacin rai, alhali dubawar nan kyauta ce kuma da wayar hannunka ma zaka iya yinta kafin shayinka ya huce.

Abu na farko da nake so ya zauna a kan kowa shi ne takardar CAC daban, domen daban. Hukumar CAC da hedikwatarta ke Maitama a Abuja aikinta ta duba ko wani ya riga ka sunan kasuwanci a cikin Najeriya, in babu ta ajiye maka shi na kwana 60 ka ƙarasa rajista. Iyakarta kenan. Bata da hannu a .com, kai ko a .ng ma ba ita ke rabawa ba. Mutumin da ke zaune a Istanbul bai san da zaman takardarka ba, kuma ƙa'idar wurin nan ita ce wanda ya riga biya shi ke da suna.

To yaya ake dubawa? Yawancin mutanenmu abin da suke yi shi ne su buɗe Chrome su rubuta sunan, in shafi bai buɗe ba sai suce alhamdulillahi babu kowa a kai. Wannan ba dubawa bace sam. Shafi ya ƙi buɗewa ba yana nufin sunan ba shi da mai shi ba, mutane da yawa suna sayen suna su ajiye basu ɗora komai a kai ba, wasu imel kawai suke yi da shi, wasu kuma kuɗin hostin ɗinsu, wato hayar wurin ajiye shafin, ne ya ƙare amma sunan na nan a hannunsu daram. Har yaran da suka ɗan iya kwamfuta suna faɗawa wannan ramin ta wata hanya, sai su buga umarnin nslookup ko dig a kwamfuta don tambayar inda sunan yake kaiwa, in amsa ta dawo NXDOMAIN suce ai a sake yake. Abin da NXDOMAIN ke gaya maka kawai shi ne tsarin DNS, mai haɗa suna da kwamfutar da shafi ke ciki, bai san inda zai kai ka ba. Ana iya rajistar suna ba a haɗa shi da kowace saba, wato irin wannan kwamfutar, ba, ana kuma iya dakatar da shi na ɗan lokaci, duk biyun amsa ɗaya zasu baka, kuma duk biyun akwai mai shi.

In kana so ka gane wace manhaja ce ke faɗa maka gaskiya, dole ka san su waye ke riƙe da abin. Kowace ƙarshen suna akwai hukuma ko kamfani guda ɗaya tak da ke riƙe da babban kundinta, inda ake rubuta duk sunan da aka yi wa rajista. Kundin .com da .net yana hannun Verisign a Amurka, na .org yana hannun Public Interest Registry, namu na .ng kuma yana hannun NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005, ofishinta na Legas. A samansu akwai ICANN da aka kafa a 1998, ita ke shimfiɗa ƙa'ida ga irin su .com, amma ƙarshen sunayen ƙasashe kamar .ng da .gh da .ne kowace ƙasa ita ke tsara nata. Kai kuma baka zuwa wurin mai kundi kai tsaye, ta hannun kamfanonin rajista kake bi, irin su Namecheap da GoDaddy a waje, ko QServers da Web4Africa da Whogohost a nan gida. Lokacin da ka rubuta suna a akwatin binciken ɗaya daga cikinsu, kwamfutarsu ce ke tura tambaya ga mai kundi ta wata hanya da ake kira EPP, shi kuma ya amsa da akwai ko babu. Shi yasa amsar akwatin nan ta fi ta burauza nesa ba kusa ba, daga tushe take fitowa.

Abin kamar rumfar kasuwa ne, ba sayen fili bane. Haya kake kamawa, daga shekara 1 zuwa 10 a .com, in ka daina biya kuma rumfar ta koma hannun masu kasuwa su baiwa wani. Na san mutane basa son jin wannan, suna so ace sun saya sun mallaka har abada, amma haka tsarin yake ga kowa, har manyan kamfanonin duniya sabuntawa suke yi.

Akwatin binciken kamfanonin rajista shi ne mafi sauƙi kuma shi nake ce wa kowa ya fara da shi, sai dai ka shiga da idonka a buɗe domin shago ne, sayar maka suke son yi. Kana rubuta suna in an riga ka zasu jero maka wasu kala-kala, .online da .store da .xyz da .shop, da farashi mai arha ƙwarai a rubuce da manyan baƙaƙe, kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu kuma an ƙanƙance shi a gefe ko sai ka danna wani wuri ka gan shi, kuma sau da yawa ya ninka na farko ninkin ba ninki. Waɗannan sababbin ƙarshen sun fito ne daga shirin da ICANN ta buɗe a 2012, sama da 1,000 ne suka shigo, har da .africa da aka fara sayarwa a 2017. Ba wai haramun bane, amma ni kullum kuɗin sabuntawa nake fara dubawa kafin na shekarar farko. Ga wani ma'auni da zai taimake ka: a watan Satumba na 2024 Verisign ta mayar da kuɗin da take karɓa kan kowane .com daga hannun kamfanonin rajista dala 10.26 a shekara. Kenan duk wanda ya baka .com a ƙasa da haka sosai, to garaɓasar shekarar farko ce, zai fanshe a gaba. Akwai kuma sunayen da akwatin zai nuna maka kamar suna nan amma farashinsu dubban daloli, waɗannan ko dai mai kundi ne ya ware su a matsayin masu tsada, ko kuma wani ne ya riƙe ya kawo kasuwa. Kasuwar nan ba wasa bace, a 2019 an sayar da voice.com kan dala miliyan 30.

Tambayar da ake yawan yi min ita ce, injiniya gaskiya ne in ka duba suna baka saya ba sai su sace? Tsoron yana da asali. A farkon 2008 an gano kamfanin Network Solutions yana riƙe sunayen da mutane suka bincika a shafinsa na 'yan kwanaki, ta yadda ba zaka iya saye a wani wuri ba sai a wurinsa, aka yi ta cece-kuce har ya daina. A wancan zamanin kuma akwai masu amfani da rangwamen kwana 5 da ake bayarwa bayan rajista, su kwashi sunaye rututu su gwada ko suna kawo mutane, wanda bai kawo ba su mayar a basu kuɗinsu, sai da ICANN ta sa musu caji abin ya lafa. Yau ni abin da na fi gani shi ne sakaci da yawan surutu, mutum ya duba suna ya ga yana nan, ya je ya baza a guruf ɗin WhatsApp yana neman shawara, ya yi wata biyu yana jan ƙafa, sannan ya dawo ya tarar babu. Sunayen .com da aka yi wa rajista sun haura miliyan 150, to in sunan ya yi maka daɗi akwai yiwuwar ya yi wa wani ma. Amsar da manhaja ta baka ta wannan lokacin ce kawai, bata ajiye maka komai ba. Duk da haka ni bana rubuta sunan kwastoma a kowane shafin da na tsinta a Google mai cewa duba domen kyauta, tunda bansan waye a bayansa ba, na fi son in tambayi kundin da kaina.

Nan ne maganar whois ta shigo, kuma nan ne ni abin ke min daɗi. Whois tsohon tsari ne na tambayar bayanin rajistar suna, yana nan tun farkon shekarun 1980, ya ma girmi .com ɗin kansa, tunda .com na farko da aka yi wa rajista shi ne symbolics.com ranar 15 ga Maris 1985. In kana da wayar Android ka sauke Termux, wata manhaja mai baƙin allo da ake buga umarni a ciki, ka buga pkg install whois, shikenan ka samu kayan aiki. Sai ka rubuta whois ka bada tazara ka sa sunan, a ce dankalinjos.com, ka danna. In babu shi a kundi zaka ga layi ya fito yana cewa No match for sannan sunan da manyan baƙaƙe. In kuwa akwai mai shi, rubutu ne zai zubo maka ya cika fuskar waya, kuma layi uku zuwa huɗu ne kawai kake buƙata a ciki: ranar da aka fara rajista, ranar da wa'adi zai ƙare, sunan kamfanin rajistar, sai layukan da ke nuna halin da sunan yake ciki.

Yanzu dai an fara yi wa whois ritaya. Daga 28 ga Janairu 2025 ICANN ta sauke wa yawancin masu kundi, irin su na .org, wajibcin ci gaba da tsohon whois, ban da na .com, sabon tsarin da ya gaje shi sunansa RDAP. Ga wanda ba ruwansa da baƙin allo, ya shiga lookup.icann.org ya rubuta sunan, bayanin ɗaya ne kuma a tsare, babu talla babu kwandon saye. Na .ng kuma ka je shafin NiRA akwai wurin dubawa a can. Amma kar ka sa rai zaka ga sunan mai shi da lambar wayarsa kamar da, tun da dokar kare bayanai ta Turai wato GDPR ta fara aiki a watan Mayun 2018 aka rufe yawancin wannan, abin da zaka samu sai dai wani fom ko wani adireshin imel na ɓoye da zai isar masa da saƙo.

Layukan hali ɗin nan su ne mutane ke tsallakewa, kuma su ne ke da labari. In ka ga clientTransferProhibited to lafiya lau sunan yake, mai shi ya kulle abinsa don kar a ɗauke. In ka ga clientHold an dakatar da shi ne, shafi ba zai buɗe ba amma ba naka bane. In ka ga ranar ƙarewa ta wuce kar ka yi saurin murna, domin a .com suna baya faɗowa ranar da wa'adinsa ya cika. Kamfanin rajista yana iya riƙe shi har zuwa kwana 45 yana jiran mai shi ya biya, bayan nan ya shiga redemptionPeriod na kwana 30 inda mai shi zai iya fanso shi da tara mai nauyi, sannan pendingDelete na kwana 5 wanda ba mai iya taɓa shi, sai a sake shi. Ka lissafa, kusan wata biyu da rabi kenan. Kuma in sunan mai kyau ne ba lallai ya iso gare ka ba, wasu kamfanonin rajistar gwanjonsa suke yi tun kafin ya kai ƙarshe, akwai kuma kamfanonin da sana'arsu kenan, kwamfutocinsu na tsaye suna jiran daƙiƙar da za a sake shi su cafke. Kai da ke zaune da data a Rikkos ko Gangare kana danna rifresh ba zaka riga su ba. Shi yasa in kwastoma yace mu jira ai saura wata ɗaya ya ƙare, nake ce masa mu sa ido ba laifi, amma mu nemi wani sunan mu ci gaba da aiki.

Akwai wata Hajiya da ke tura kayan gwari Abuja, dankalin turawa da kabeji da karas da koren wake daga kasuwar Farin Gada, lokacin sanyi kuma har da sitiroberi, duk ta WhatsApp take cinikinta kuma Allah ya sa wa abin albarka har ta ga ya kamata ta yi shafi. Ɗanta ne ya kawo ta shagona. Sunan da take so sunan 'yarta ne haɗe da wata kalmar Turanci, na buga a gabanta rubutu ya zubo.

Nace Hajiya an riga mu fa.

Tace wa ya riga mu, ai ni na raɗa sunan nan, sunan 'yata ne.

Na juyo mata da fuskar kwamfutar na sa yatsa a kan layin ranar rajista nace Hajiya duba nan, wannan tun kafin ki fara sana'ar ma aka yi shi, kuma kin ga wa'adinsa da sauran shekaru a gaba. Ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo, sannan tace to ɗana a kira shi mana a daidaita, ai ba a rasa yadda za a yi. Na nuna mata inda sunan mai shi ya kamata ya fito an rufe, nace za a iya tura masa saƙo amma wanda ya biya shekaru gaba haka ba mai niyyar saki bane, in ma zai saki da dala zai yi magana. Tace Allah ya sa haka shi ya fi alheri, kawo wani. Allah ya taimake ta bata kai ga buga kwali da leda ba.

Abin da muka yi shi ne muka zauna ni da ita da ɗan nata muka jero sunaye a takarda, duk wanda ya zo baki a rubuta, na Hausa da na Turanci da gauraye, ni kuma na zuba su a wani ɗan shiri da na rubuta da yaren kwamfuta na Python don irin wannan ranar. Ba wani abin azo a gani bane, duk ɗalibin kwamfuta na Unijos ko Poly zai iya rubuta shi a zama ɗaya. Yana ɗaukar sunaye daga fayil ɗaya bayan ɗaya, ya liƙa kowanne a ƙarshen rdap.verisign.com/com/v1/domain/ ya tura, in lambar amsa ta dawo 200 to akwai mai shi, in ta dawo 404 babu shi a kundi. Abu biyu zan ja kunnen mai son gwadawa a kai. Ka sa ɗan jinkiri tsakanin tambaya da tambaya, in ka yi musu ruwan tambayoyi zasu dawo maka da 429 ko su toshe ka na wani lokaci, kuma suna da gaskiya. Na biyu 404 ba ta nufin lallai zaka iya saye, musamman a sababbin ƙarshen nan da kuma na ƙasashe akwai sunayen da aka keɓe ba a sayarwa ko aka sa musu tsada, don haka shirin tankaɗe kawai yake maka, hukuncin ƙarshe sai a akwatin kamfanin rajista lokacin da zaka biya.

Cikin waɗanda suka tsira sai Hajiya ta yi wani abu da ni yanzu na mayar da shi ƙa'ida. Ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta a Bukuru tace ke rubuta min kaza ki turo min yanzu, bata yi mata bayanin komai ba. Sunan farko ƙanwar ta rubuto shi da kuskure, na biyu ta rubuto daidai, Hajiya tace to wannan za a ɗauka, don kwastomomina a waya suke ji ba a takarda ba. A take muka biya .com.ng da .com ɗinsa da imel ɗinta ita kanta.

Wannan gwajin yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda Bature zai gane, saboda yadda muke rubutu. Domen na yau da kullum baƙaƙen a zuwa z yake karɓa da lambobi da ɗan karan tsakiya (-), tsawonsa kar ya wuce 63, ba tazara, ba alamar nan ta sama da muke sawa a 'ya'ya ko Hauwa'u ko sana'a. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, akwai tsarin da ke juya irinsu zuwa wani rubutu mai farawa da xn-- amma ba kowane kundi ke karɓar kowane baƙi ba, kuma ko an karɓa mutum nawa ne zasu rubuta shi daidai a waya? To dole ka cire ƙugiyar, kuma in ka cire ka sake karanta abin da ya rage da idon wanda bai san nufinka ba, domin ƙasa zata koma kasa, baƙi ya koma baki, ɗaki ya koma daki. Sai sunayen mutane, wanda ya sa Muhammad a domen ɗinsa ya sani wasu Mohammed zasu rubuta wasu Muhammed, haka Aisha da Aishat da Ayshah. Karan tsakiya ma ina hana mutane, don in kana faɗa a rediyo ko a waya sai ka tsaya bayani, rabin masu ji kuma zasu manta su faɗa shafin wani. Gajeren suna yana da daɗi amma kar ka ɓata lokaci kana neman mai baƙi uku a .com, guda 17,576 ne gaba ɗaya kuma an kwashe su tuntuni.

Ni dai ra'ayina, kuma na san wasu abokan sana'a basu yarda da ni ba, ɗan kasuwar da kwastomominsa ke Jos da Abuja da Kano ya fara duba .com.ng ko .ng kafin ya wahalar da kansa a kan .com. Sunaye masu kyau na Hausa da yawa suna nan a sake a can, da naira zaka biya ta tiransifa, kuma kuɗin a gida suke zama. Duk wanda ya yi wannan aikin a 2022 da 2023 ya san wuyar da aka sha lokacin da bankuna suka rage ko suka rufe biyan dala da katin naira, ga kuma dalar ta tashi bayan an saki naira a watan Yunin 2023, mutane nawa ne sunansu ya ƙare ba don basu da kuɗin ba sai don kati ya ƙi wucewa. .com.ng ya fi .ng zalla arha, shi yasa ƙananan 'yan kasuwa suka fi ɗaukarsa. In .com ɗin ma yana nan kuma da hali, ka haɗa duka ka juya ɗaya zuwa ɗaya. Su .gov.ng da .edu.ng kuwa ba na kowa bane, sai hukumar gwamnati da manyan makarantu da takardunsu, kar wani ya karɓi kuɗinka yace zai samo maka.

In manhaja ta nuna suna a sake yake, saura dubawa biyu kafin ka biya. Ka shiga web.archive.org ka sa sunan ka ga ko an taɓa amfani da shi a baya, domin wani sunan an yi caca ko damfara ko abin kunya da shi aka yar, kai kuma ka zo ka ɗauka don makarantar Islamiyya, imel ɗinka ya dinga faɗawa sifam, wato akwatin saƙonnin banza, kana mamaki. Sannan ka duba ko sunan na kama da na wani babban kamfani mai rajistar tambari. Samun suna a sake ba lasisi bane, tun 1999 akwai tsarin UDRP da mai tambari zai kai ƙara, galibi a hukumar WIPO da ke Janiba, kuma in aka tabbatar da mugun nufi ka ɗauka za a karɓe a ba shi. Ka leƙa Facebook da Instagram da TikTok ma ka ga ko sunan na nan, don abin ya tafi bai ɗaya.

Sai maganar da ta fi ɓata min rai a duk harkar nan, kuma laifin namu ne masu haɗa shafi. Akwai wata makaranta a cikin garin nan da shugabanta ya kira ni wai shafinsu ya daina buɗewa ana tsakiyar ɗaukar sababbin ɗalibai. Na buga whois na ga sunan yana cikin redemptionPeriod. Nace ranka ya daɗe wa ya yi muku rajista, yace wani yaro ne shekarun baya, nace da wane imel, ya yi shiru. Yaron da imel ɗinsa ya yi, a akawun ɗinsa, ya bar gari, lambarsa bata shiga. Saƙon tunatarwa da ƙa'idar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya tura, ɗaya wajen wata guda kafin ƙarewa ɗaya wajen mako guda, duk can suka tafi inda ba mai karantawa. Sunan makarantar ne, yana jikin allonsu da bajen yara da takardar sakamako, amma a kundi ba nasu bane, kuma ni ba abin da zan iya yi daga shagona tunda kamfanin rajista mai akawun ya sani. Sai da aka bi ta wurin 'yan uwan yaron aka samo shi da ƙyar, aka biya tara, sannan aka dawo da sunan hannun makaranta.

Don Allah in zaka ba wani aikin shafi, ko ni ne, ka zauna a gabansa a buɗe akawun ɗin da imel ɗinka da lambar wayarka, kalmar sirri a hannunka, shi ka ba shi izinin shiga ya yi aikinsa. Bayan rajista wani saƙo zai shigo imel ɗin na tabbatarwa, ka danna shi, don a irin su .com in kwana 15 suka wuce baka tabbatar ba ana iya dakatar da sunan. Ka rubuta ranar ƙarewa a inda kake rubuta ranar biyan hayar shago. Wanda kuma ya riga ya yi shafi tuntuni bai san a hannun wa yake ba, ya buga sunan a lookup.icann.org ko shafin NiRA yau ɗin nan ya ga ranar ƙarewa da kamfanin da aka yi rajistar, sannan ya kira wanda ya haɗa masa yace ina son shiga akawun ɗin da kaina. In ya fara kwana-kwana, ka nemi ya baka lambar canja wuri da ake kira EPP kod ka mayar da sunan akawun ɗinka, sai dai ka sani a .com ba a canja kamfani cikin kwana 60 na farko bayan rajista.